Wata shidan farko a hannun maigida: abin da nake nema wurin yaron da ya zo koyon aikin wuta

Duk shekara, da zarar an gama jarrabawar WAEC da NECO, iyaye kan fara sallama a ƙofar shagona riƙe da hannun 'ya'yansu. Maganar kusan ɗaya ce: ga ɗanka nan, a taimaka a koya masa wayarin, kada ya zauna a gida haka nan. Idan da gurbi sai in karɓa, a yi addu'a a shafa, uba ya kama hanya ya bar min yaro yana ta kallon soket da makunnai da ke rataye a bango. Na san abin da ke ransa, domin ni ma shi ne a raina ranar da kawuna ya kai ni wurin maigidana a nan Kano a 2003, lokacin NEPA tana nan da sunanta. Yana tsammanin kafin sati ya zagayo za a miƙa masa filaya a ce hau ka haɗa. Sai ya ga wata ɗaya, wata biyu, aikinsa bai wuce ɗaukar tsani da fasa bango da kwasar ƙasa ba. Daga nan zuciya ta fara raya masa cewa oga ɓoye sana'a yake yi. Da yawa a nan suke guduwa, kuma abin yana damuna, don cikin masu gudun akwai yara masu ƙwaƙwalwa, waɗanda da sun daure da sun fi mu.

Saboda haka ƙanena, kai da aka kai ka jiya ko za a kai ka gobe, zauna in faɗa maka abin da maigidanka yake dubawa a watannin farko, ko ya furta ko bai furta ba. Hannu a hankali yake faɗawa, wannan ba ya damuna. Abin da nake aunawa shi ne maganarka. Idan ina kan tsani na ce je ka kashe, ka dawo ka ce "na kashe", to raina ne na ɗora a kan kalmomin nan biyu. Duk sauran abin da zan faɗa maka daga nan ya samo tushe.

Ni a wata na huɗu na koyi wannan. Wani gida muka je gyaran fankar falo. Maigidana ya ce in je in raba gidan da wuta. Na je na zare katawut, wato fis ɗin da ake zarewa a yanke wa gida wuta, na dawo da ƙarfin gwiwa na ce an kashe. Ya hau tsani, amma kafin ya kai hannu sai ya zaro testa ya ɗora a kan waya. Ta kama ja. Ashe gidan layi biyu ne ke shiga cikinsa, wanda ya yi wayarin tun farko ya ɗora falo a kan layi na biyu, katawut ɗinsa yana can bayan gida kusa da kicin. Bai yi min tsawa ba. Saukowa ya yi, ya kama hannuna, muka zaga gidan tun daga falwaya har zuwa akwatin bireka, wato makunnan nan masu faɗuwa da kansu idan lodi ya yi yawa, yana nuna min duk ƙofar da wuta ke iya shigowa. Da muka gama ya ce daga yau kada in ƙara ce masa na kashe sai na gwada da hannuna a daidai wurin da zai taɓa. Har yau idan na tuna jan nan na testa sai jikina ya yi sanyi.

To ga yadda ake kashe wuta, kuma ina so ka haddace shi kamar karatun allo.

Da farko, ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Wannan kuskuren ya ci mutane da yawa a ƙasar nan. An ɗauke tun safe, kowa ya saki jiki, sai yaro ya tsoma hannu cikin akwati yana cewa ai babu wuta. Wanda zai mayar da ita yana can tashar rarraba wuta, bai san da kai ba, ba kuma zai yi maka sallama ba. Ko unguwa ta kwana uku cikin duhu, ka yi aiki kamar akwai wuta.

Sannan ka ƙirga ƙofofin. A da muna tunanin ta NEPA kaɗai. Yanzu gida ɗaya zai iya samun layin kamfanin rarraba wuta na KEDCO ɗaya ko uku, ga janareta, ga inbata da batura, ga faifan sola a kan rufi, wani lokaci har da wayar da maƙwabci ya jawo masa ta katanga. Inbata ita ce mai ban tsoro, don ba ta da ƙara, kuma daidai lokacin da ka yanke ta kamfani ne take karɓa ta ci gaba da bai wa gidan wuta. Faifan sola kuwa muddin akwai rana yana bayar da wuta, ko ka kashe komai a ƙasa. Janareta kuwa, maigadi zai iya tayar da shi kana tsakiyar aiki, kuma idan cenjoba ɗin gidan, wato makunnin da ke sauya gida daga wutar kamfani zuwa ta janareta, ba a haɗa shi daidai ba, wutar za ta iske ka. Don haka ka tambayi masu gida, amma kada ka tsaya a bakinsu, ka zaga ka gani da idonka. Idan ka zare katawut, ka jefa shi a aljihunka. Kada ka ajiye shi a kan mita, don wani yaron gida zai zo ya ga ba wuta, ya mayar, yana ganin taimako ya yi. Idan bireka ka sauke, ka manna mata salatif ka rubuta gargaɗi, ka kuma gaya wa babban da ke gidan da bakinka.

Sai gwaji, kuma sau uku ake yin sa. Ka fara ɗora abin gwajinka a wurin da ka tabbata akwai wuta, ka ga yana aiki. Sannan ka gwada wayar da za ka taɓa. Sannan ka koma wurin farko ka tabbatar bai mutu a hannunka ba a tsakani. Testar nan mai kamar sukudireba tana da amfani, amma kada ka ba ta amana gaba ɗaya. A cikin hasken rana ba ka ganin jan da kyau. Idan kana kan busasshen tsanin katako da takalmin roba, tana iya yin dishi-dishi alhali wuta na nan cike. Wani lokaci kuma ta kama a wayar da ba ta da komai, don kawai tana kwance kusa da mai wuta. Shi ya sa nake so tun da wuri ka iya riƙe mitar gwaji: ka auna tsakanin layif (wayar da ke kawo wuta) da nutural (wadda ke mayar da ita), layif da atin (wayar kariya mai kai wuta ƙasa), sannan nutural da atin. Kada wani ya ce maka nutural ba ta ja. Idan an juya wayarin, ko ta katse a wani wuri alhali akwai kaya a kunne, tana ja kamar layif. Fanka da injin ruwa kuma suna da kafasita mai iya riƙe caji bayan an kashe.

Za ka ga wasu tsofaffin hannu suna lakatar waya da bayan yatsa su ce ga wuta ko ba wuta. Kada ka kwaikwaye su. Wutar gida bolt 230 ce, tsakanin layi da layi kuwa kusan 400. Abin da ke iya rikita bugun zuciyar mutum bai wuce miliamfiya 30 zuwa sama ba (ma'aunin yawan wutar da ke gudana ke nan, dubu ɗaya ke yin amfiya ɗaya) idan ta ɗan jima tana bi ta ƙirji, alhali tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan wajen 260, wato ninki takwas da ɗoriya. Ka ga ke nan wutar da ba ta isa ta haska ɗaki ba, ta isa ta kashe ƙato. Busasshiyar fata tana ɗan tarewa, shi ya sa mai lakatar nan yake sha. Ranar da ya yi ta cikin zafin watan Afrilu, gumi ya jiƙa shi, ƙafarsa a kan danshin siminti, labari zai sha bamban. Wasu za su ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne komai da ƙaddara, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa nake mayar da yaro gida idan ya zo da silifa. Takalmi sawu-ciki mai ƙasan roba nake so. Zobe da agogon ƙarfe da sarƙa su zauna a gida. Doguwar riga mai faɗin hannu ta Juma'a ce, a wurin aiki tana kama ƙusa da bakin tsani. Falwaya kuwa, ba taka ba ce ba tawa ba ce, ta kamfani ce, kuma suna da ma'aikatan da aka horar don ita. Ko unguwa ta taru ta ce hau ka canja mana layi ga na goro, ka ce a'a. Manyan wayoyin da ke sama masu bolt 11,000 da 33,000 ba sa jiran ka taɓa su, kusanta kawai ta isa wuta ta yi tsalle. Duk lokacin da za ka ɗaga tsanin ƙarfe ko rodi ko dogon fayif, ka fara ɗaga kai.

Kayan aiki ba zan ja magana a kansu ba. Cikin sati biyu ka san sunan komai da ke cikin jaka da wurin zamansa, ta yadda idan na miƙo hannu daga kan tsani na ce sita, wato sukudireba mai bakin tauraro, ba za ka ba ni mai faɗin baki ba. Daga baya ma so nake kafin in buɗe baki ka riga ka miƙo, don wannan ke nuna min kana bin aikin da ido. Filaya ba guduma ba ce, testa ba ta ɗaure babban noti. Kafin mu bar wuri ka ƙirga kaya. Ɗan kuɗin da ake ba ka, ka riƙa tarawa ka sayi testa taka, da filaya mai robar hannu lafiyayya, da sukudireba biyu, da tef na awo, da ƙaramin littafi da biro. Idan kai ne mai riƙe tsani, riƙe shi ne aikinka, ba danna waya ba. Gindinsa ya nisanci bango da taku ɗaya a kan kowane taku huɗu na tsayi.

Yanzu fasa bango, aikin da yara suka fi tsana. Na san yana da wuya. Hannu zai yi kanta, ƙura za ta cika hanci, musamman da hunturu, don haka ka nemi tabarau da takunkumi tun ranar farko, ɓarɓashin bulo ba ya tausayin ido. Amma ka sani a nan ake koyon taswirar gida. Wanda ya sare hanyar fayif da hannunsa ya san inda kowace waya ta bi, kuma bayan shekara goma idan aka kira shi gidan da bai taɓa shiga ba, da kallon makunni zai iya cewa ta nan ta hau. Hanya miƙaƙƙiya ake sarewa, ko a tsaye ko a kwance, ba a karkace ba. Dalili shi ne wata rana matar gida za ta sa a kafa mata ƙusa don rataya madubi, kuma mai kafawar zai ɗauka cewa waya tana saman makunni ko a gefensa kai tsaye. Idan ka yi yanke don ka huta, ka binne masa tarko. Ginshiƙi da bim ba a sara su, ko birkila ya ce ba komai. Akwatunan makunni su zauna a tsayi ɗaya duk gidan, wajen mita 1.2 zuwa 1.3 daga daɓe, soket kuma wajen santimita 45, sai dai idan mai gida ko zane ya ce wani abu daban. Ka tuna daɓen bai hau ba tukuna, ka tambayi birkila inda tayil zai tsaya kafin ka auna.

Fayif ɗin da muka fi amfani da shi mai milimita 20 ne, sai mai 25 inda wayoyi suka yi yawa. Da sifirin ake lanƙwasa shi don kada ya tsuke. Kada lanƙwasa ta wuce biyu tsakanin akwati da akwati, in ba haka ba ranar jan waya za ka yi kuka da idonka. Kafin masu filasta su zo, ka cusa takardar buhun siminti a kowane akwati da kowane bakin fayif. Ranar zuba dekin kuwa, ko kowa bai zo ba kai ka zo, ka tsaya a kai tun daga kwanon farko har na ƙarshe. Leburori suna gudu da kankare a ka, ba sa kallon ƙasa, za su taka fayif ya fashe ko ya zare daga mahaɗa, siminti ya shiga. Idan kana wurin, cikin minti biyu ka gyara. Idan ba ka nan, sai bayan wata uku a gano, lokacin ba abin da ya rage sai fasa dekin ko bin bango da waya a fili, kuma sunan maigidanka ne zai ɓaci.

Waya kuma, so nake kafin wata uku ka iya gane kaurinta da ido da yatsa. Mai 1.5 ta fitilu da fanka ce, bireka mai amfiya 6 ko 10 ke tsaronta. Mai 2.5 ta soket ce. Mai 4 muna ja wa esi da hitar banɗaki, kowanne da layinsa. Mai 6 ta kukar lantarki ce, sai 10 da 16 masu shigo da wuta daga mita. Lissafin ba shi da wuya: ka raba wat da bolt, ka sami amfiya. Butar lantarki mai wat 2,000, idan ka raba da 230, tana jan kusan amfiya 9. Haɗa ta da dutsen guga da hitar ruwa a layi ɗaya, ka ga abin da siririyar waya za ta ɗauka. Kuma ka riƙe wannan da kyau: bireka waya take karewa. Idan tana yawan faɗuwa, magana take yi maka. Wanda ya cire mai 20 ya sa mai 40 don ta daina damun masu gida, ko ya naɗa ƙatuwar waya a madadin fis, ya rufe bakin mai gargaɗi ne, ya bar wayar cikin silin ta zama ita ce fis ɗin. Duk wanda ya ga abin da gobara ta yi wa Kasuwar Sabon Gari a 2016 ya san wuta ba ta barin komai idan ta kama, kuma yawancin gobarar lantarki da na gani da idona a gidaje daga ƙaramin abu ta fara: mahaɗa mai sako-sako da ta yi ta zafi a ɓoye.

Shi ya sa nake sa yaro ya zauna da guntayen waya ya yi ta feƙewa har sai ya iya cire roba ba tare da ya ji wa jan ƙarfen ciwo ba. Inda wuƙa ta ɗan ci, nan take karyewa daga baya. Idan ka ɗaure waya a soket, ka ja ta ka ji ko ta kama, kada jan ƙarfe ya leƙo waje, kada kuma noti ya danne roba. Ba a yin mahaɗa a cikin fayif, sai a akwati inda hannu zai kai. Jan ƙarfe da alminiyam ba a murɗe su tare haka kawai, suna cin juna su yi zafi. Makunni a kan layif yake zama. Idan ka ɗora shi a kan nutural fitila za ta mutu ta kama kamar kowacce, amma mai canja ƙwai zai tarar da wuta a mariƙi alhali ya kashe. Atin kuma ba ado ba ne, ko mai gida ya ce a bar shi don a rage kuɗi, ka bar maigidanka ya yi masa bayani.

Launi ma akwai tarko. A tsohon tsari, wanda har yanzu shi ya fi yawa a gidajenmu, ja layif ce, baƙa nutural, kore atin, idan layi uku ne kuma ja da rawaya da shuɗi. A sabon tsari ruwan ƙasa ce layif, shuɗiya nutural, kore mai ratsin rawaya atin, layi uku kuma ruwan ƙasa da baƙi da toka. Ka lura: baƙar da take nutural a can ta zama mai wuta a nan, shuɗiyar da take mai wuta a can ta zama nutural a nan. Ga kuma waɗanda suke yin gida guda da launin da ya rage musu a jaka. Launi shaida ce kawai, gwaji ne hukunci.

Wata rana zan aike ka Faransa Rod sayen kaya, kuma wannan ma jarrabawa ce. Wayoyin da ake yi a ƙasar nan irin su Coleman da Cutix da Nigerchin suna da suna mai kyau, shi ya sa ake yawan buga jabunsu. Ka karanta rubutun jikin roba, ka ɗaga naɗin ka ji nauyi, ka kankare bakin wayar da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ce aka lulluɓe da jan ƙarfe. Ka karɓo rasit na gaskiya, ka dawo da canji ko naira hamsin ce. Mai shago zai iya ce maka ya rubuta sama da abin da ka biya, ragowar taka. Ranar da ka yarda, ka sayar da abin da ya fi naɗin waya tsada, kuma labari yana dawowa, don mu da masu shagunan nan mun daɗe tare.

Wannan ya kawo ni maganar gidajen mutane. Sana'armu tana kai mu inda ko ɗan'uwan maigida ba ya shiga: uwar ɗaka, ɗakin amarya, bayan gado, saman sif. Ka yi sallama ka tsaya, sai an yi maka iso, a ba matan gida lokaci su kimtsa. Idan ka shiga, idonka a kan aikinka. Ba ruwanka da abin da ke kan madubi, ba ruwanka da hira da 'yan matan gida, balle karɓar lamba. Idan za a matsar da kaya, ka kira ɗan gida ya tsaya. Ka cire takalmi inda ake cirewa, sai dai idan za ka taɓa wuta, nan ka nemi izini ka bar shi a ƙafarka. Abin da ka gani a gidan wani ya mutu a nan, ba na majalisa ba ne. Idan an gama, ka share ɓarɓashi, ka tsince guntayen waya da ƙananan noti, don akwai masu rarrafe. Guntayen nan kuwa, na san 'yan gwangwan suna sayen jan ƙarfe da daraja. Ragowar waya ta wanda ya saya ce. Ka tattara ka nuna, idan an ce ɗauka ka ɗauka. Yaron da ya fara da guntaye a ɓoye, na sha gani, yana ƙarewa da yanka mai tsawo da gangan.

Akwai kuma wanda zai ja ka gefe ya ce ka zagaye masa mita, esi ya bi ta baya. Satar wuta ce, laifi ne a Dokar Lantarki ta 2023, kuma haƙƙi ne a wurin Allah. Bayan haka, irin wannan haɗin a ɓoye ake yin sa, ba bireka ba kariya, shi ne kuma irin wanda ke kama mai gyara na gaba, wanda ya zare katawut yana zaton ya kashe. Haka idan wani ya ce ka dawo da yamma kai kaɗai ka yi masa aiki da araha kada oga ya sani. A wata na uku ba ka san abin da ba ka sani ba tukuna. Ka ce ya yi magana da maigidanka.

"Ban sani ba" da "na yi kuskure" su ne maganganu biyu da suka fi ɗaga darajar yaro a idona. Idan ka huda fayif, ko ka fasa murfin soket, ko ka manta wace waya ce ta tafi ina, ka faɗa nan take. Zan iya yin faɗa, amma faɗan minti biyar ne. Wanda ya shafe kuskurensa da siminti ya yi shiru, shi ne wanda ba zan iya barinsa shi kaɗai a wurin aiki ba har abada. Tambaya kuma ka yi ta, matambayi ba ya ɓata, sai dai ka san lokacinta. Ba a gaban mai gida ba, ba kuma lokacin da hannuna ke cikin akwati ba. Ka rubuta a littafinka, idan mun zauna cin abinci ka buɗe.

Allah ya kiyaye, amma dole ka san abin yi idan wuta ta kama wani a gabanka. Kada ka cafke shi, za ta haɗa da kai. Ka kashe daga tushe idan yana kusa, in ba haka ba ka tsaya a busasshen wuri ka ture shi ko wayar da busasshen katako. Idan babbar wayar falwaya ce ta faɗo, kada ka matsa ko da katako, ka kori mutane nesa a kira kamfani. Idan an raba shi da wuta ba ya numfashi, ka kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ka danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, ka hura masa iska sau 2, ka ci gaba a haka, dannawa 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota. Madarar da ake ɗura wa mutum ba ta cire wuta daga jiki, wanda ya suma ma tana iya shaƙe shi. Ko ya tashi ya ce garau yake, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa. Gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an yanke wuta, yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda ake nema. Red Cross da ƙungiyoyin agaji suna koyar da taimakon gaggawa, ka je ka koya da hannunka.

Kai ma kana da haƙƙi, kuma ina faɗar wannan ne har ga 'yan'uwana masu shaguna. Idan an ce ka taɓa abin da ba a kashe ba, ko ka hau falwaya, kana da ikon ka ce Oga ka yi haƙuri, ina jin tsoro. Cikin ladabi, amma ka tsaya a kai. Idan wata shida sun wuce aikinka bai wuce wankin mota da aiken cefane ba, ka gaya wa wanda ya kawo ka ya zo a zauna. Iyaye kuma don Allah ku riƙa ba yaro kuɗin mota da na abinci a farkon nan, kada ku sa ran zai kawo wani abu gida, kuma ku riƙa leƙowa.

Kada ka yar da karatu. Wanda ya iya karanta zane da lissafin lodi shi ke karɓar babban aiki, saura su yi masa fasa bango. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ana farawa daga mataki na 3 a hau na 2 sannan na 1. Akwai ta NABTEB ga wanda ya bi ta kwalejin fasaha. Can gaba kuma akwai takardar ƙwarewa ta hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa don duba ingancin aikin lantarki. Ba na bana ba ne, amma ka sa su a ranka tun yanzu.

A shagona, idan yaro ya kai wajen wata biyar ko shida kuma na gamsu da shi, akwai wani allon katako da nake saukowa da shi daga saman kanta. In ba shi ƙwai ɗaya, makunni ɗaya, soket ɗaya, bireka biyu da guntayen waya, in ce ya zana a littafinsa tukuna sannan ya haɗa. Idan ya gama ba na kunnawa. Ina bin kowace mahaɗa in ja ta da yatsa, in duba ko makunni yana kan layif, in ga ko atin ya isa soket. Idan ya wuce, sati mai zuwa in ƙara masa makunni na biyu, ya yi irin haɗin matakalar bene, a kunna a ƙasa a kashe a sama. Bayan wannan sai in tafi da shi gidan wani tsohon abokin hulɗa da ke son canjin soket, in miƙa masa jaka, in koma bakin ƙofa in tsaya. Ba hannunsa nake kallo ba a lokacin. Ina jira ne in ga ko zai zaga gidan ya ƙirga ƙofofin wuta, ya jefa katawut a aljihu, ya gwada sau uku, kafin ya kwance noti na farko.